Darasin da Nake Tsayarwa a Arfa

Aminci ya tabbata a gare ku, ku da kuka saba biyo ni a wannan shafi, da ku da yau kuka fara leƙowa. Ga sababbi, ni malami ne a wata ƙaramar sakandare, darasin addinin Musulunci nake koyarwa. Ni da mahaifiyata kaɗai ne a gida, ba ni da wa ba ni da ƙane. Akwai kuma wadda nake so, malamar zane ce a makarantarmu, ita ce ke kirana Ustazu idan tana son ta tsokane ni.

Daren Lahadin da ta wuce ban runtsa ba. Saƙonta ne ya shigo, na karanta shi har na haddace:

"Ustazu, Abba ya kira ni ɗazu. Mutanen likitan haƙorin nan sun sake zuwa neman aurena. Ya ce ba zai yi mini dole ba, amma ya gaji da ba mutane haƙuri a kan wanda bai taɓa ganin manyansa ba. In watan nan ya ƙare ba ka turo ba, zai amsa musu. Ban yi kuka a gabansa ba, kada ka ce na ba ka kunya."

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, har wayar ta ɗauki zafi a hannuna.

Za ku ce mene ne abin wahala a turo manya. A gidanmu shi ne abu mafi wahala. Ina da shekarun ɗalibaina na yanzu mahaifina ya tafi aikin Hajji. Abokan tafiyarsa sun ce ganinsu da shi na ƙarshe da yammacin ranar Arfa ne, rana ta faɗi, jama'a sun ɗunguma zuwa Muzdalifa. Ya ce musu su ci gaba, zai gyara maɗaurin takalminsa. Jakarsa ta dawo, shi bai dawo ba. An nema a cikin marasa lafiya, an nema a cikin matattu, ba a samu ko mai kama da shi ba. Umma ba ta karɓi gaisuwar mutuwa ba, ba ta yi takaba ba. Duk baƙon da bakinsa ya suɓuce ya ce Allah ya jiƙansa, ya sha shayinsa na ƙarshe a gidanmu. Har yau tana fito da rigunansa ta wanke ta goge, wai kada su yi warin ajiya.

Na yi jami'a, na karanta abin da malamai suka faɗa game da mutumin da ya ɓace, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci. Amma abin da ya hana ni barci ba ya cikin littafi. Tambaya ce guda: shin zuciyata ta karkata ga cewa mahaifina ya rasu ne saboda hakan ya fi kusa da gaskiya, ko kuwa saboda ina son aure? Wane irin ɗa ne zai ji sauƙi a ransa idan aka ce masa ubansa ba zai dawo ba?

Da safe na tarar da Umma a kicin, da mayafinta ruwan toka da carbi a wuyan hannu. Litinin ce, tana azumi, amma ta haɗa mini shayi kamar kullum.

"Idonka ya yi ja, Babana. Takardun yara ne ko waya?"

"Umma, maganar nan ce dai. Sun ce in turo manya."

"To ai kana da manya. Babban yana hanya."

"Na ce ko Baffa ne zai je, tunda shi ne ƙaninsa..."

Ta ajiye cokalin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe.

"Ƙanin uba yana shiga gaba ne in uban ya kwanta dama. Ka ga gawa? Ka yi masa salla?"

"Ban gani ba, Umma."

"To ranar da ka tura Baffanka, ranar ka binne shi. Ni dai ba da hannuna ba. Sha shayinka, za ka makara."

Na sha, na kama hanyar makaranta.

Bari in gaya muku yadda nake koyarwa, domin a nan abin ya ɓullo. Yara masu waɗannan shekarun ba sa riƙe abin da aka rubuta musu a allo kawai. Idan muna shika-shikan imani, sai in sa kowa ya kawo misalin ƙaddara daga gidansu, a nan za ka ji wanda akuyarsu ta cinye masa littafi ranar da bai yi aikin gida ba. Idan muna azumi, tambayoyi ne kamar ruwan sama: Malam, in ƙuda ya faɗa mini baki fa? Malam, in na yi mafarki ina cin nama har na ƙoshi fa? Malam, ƙanwata tana azumi sau uku a yini, wa ya fi lada tsakaninmu? Ina son wannan aji fiye da yadda nake nunawa.

Darasin Hajji kuwa a fili muke yinsa. Ni da Malamar Zane muka haɗa Ka'aba da kwalaye, ta shafe ta da baƙin fenti ta zagaya mata ratsin ruwan zinariya. A wurin wannan aikin muka fara magana da ta wuce gaisuwa. Tebura biyu su ne Safa da Marwa. Tulin yashin da magina suka bari a bayan ɗakin gwaje-gwaje shi ne Arfa, ƙarƙashin bishiya Muzdalifa, jikin katanga kuma Mina, inda ake kafa ginshiƙan jifa. Maza su ɗaura fararen tawul biyu a kan kayan makaranta a matsayin harami, mata su sa fararen hijabai. Alhamis ɗin da ta gabata muka yi na bana.

Ina shiga makaranta ranar Litinin ɗin aka ce Shugaban makaranta na nemana. A ofishinsa na tarar da wani gajeren mutum mai ƙaton gashin baki, da jakar kayan aski a hammata. Kusa da shi ɗalibina ne, wanda 'yan aji ke kira Sarkin Tambaya, ba riga ba wando, sai tawul biyu da silifa. Tawul ɗin sun fara komawa ruwan ƙasa.

"Kai ne malamin?" in ji mutumin. "Kai ne ka ɗaure mini yaro?"

"Na ɗaure shi kamar yaya, Baba?"

"Tun ranar Alhamis ya dawo gida ya tuɓe riga, wai ɗinkakken kaya ya haramta gare shi. Ya ƙi sabulu mai ƙamshi, ya ƙi yanke farce, ya ƙi hula. Sauro ya zauna masa a hannu yana sha, yaron nan yana kallonsa yana ba shi haƙuri! Ni mai aski ne, Malam, ɗana yana zaune a ƙofar shagona da kai kamar sheƙar tsuntsu, masu zuwa aski suna tambayata ko almakashina ya ɓata. Uwarsa ta ce aljanu ne. Na ce a'a, wannan aikin malamai ne."

Shugaba ya ɗaga wani fayil ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Na durƙusa daidai tsayin yaron. "Ai koyo muka yi, ba Hajjin gaske ba ne."

"Malam, kai ka ce mu yi kamar da gaske." Bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. "Ka ce wanda ya ɗaura harami ba ya kwancewa sai ya gama. Muna kan Arfa aka buga ƙararrawa, ka ce a watse. Ba ka ce mun gama ba. Na tambayi yayana da ka koyar bara, ya ce su ma a nan kuka tsaya, shi bai san yadda ake fita ba."

Ya gyara tawul ɗin kafaɗarsa, ya ƙara da cewa, "Malam, wai yaushe ne alhazai suke komawa gida?"

Fanka tana juyawa, mai askin bai daina mita ba. Na ji Shugaba daga nesa yana cewa in ɗauki darasi na gaba in sauke musu wannan Hajji kafin iyaye su kai mu ƙara.

Na tafi ɗakin ajiya in fito da kayan. Ɗaki ne mai ƙaramar taga, yana warin fenti da tsohuwar takarda. Na tarar da Malamar Zane a durƙushe tana liƙe kusurwar Ka'abar da ta ɓare. Doguwar riga kore mai duhu ce a jikinta, gilashinta ya zamo kan hanci, yatsanta ɗaya ya yi baƙi da fenti. Ba ta ɗago ba.

"Na ji labarin alhajinka. Duk ɗakin malamai an ƙoshi da dariya."

"Ƙararrawa ce ta katse mu."

"Ƙararrawa ba ta yi maka komai ba, Ustazu." Ta nuna kusurwar ɗakin da haɓa. "Dubi ginshiƙan jifan can. Da hannuna na fente su tun shekarar farko, har yau ko ƙwarzane babu a jikinsu, ba a taɓa jifansu ba. Ina kallonka ta tagar ajina duk shekara. Ɗawafi kana sauri, Safa da Marwa kana sauri, da ka hau tulin yashin nan sai ka buɗe wa'azi, kana yi kana duba agogo, har sai an buga."

Ban taɓa lura ba. Na rantse muku ban taɓa lura ba. Na jingina da bango.

"Kin san a nan aka rabu da mahaifina," na ce.

"Na sani. Shi ya sa ban taɓa magana ba." Sai a lokacin ta ɗago. Idanunta sun nuna ita ma ba ta yi barci ba. "Ka ga saƙona?"

"Na gani. Malama, tsoro nake ji. Tsoro nake kada ya zama na kashe shi a zuciyata ne don ina son ki."

"Ba ka san ya mutu ba, ni ma ban sani ba, ba kuma wanda ya ce ka zo ka ba da shaida. Abba mutum yake nema da zai zauna a kujera ya ce mun gani muna so. Shi ke nan." Ta goge yatsanta da tsumma, fentin bai fita ba. "Ban ce ka zaɓe ni ka bar Umma ba. Amma ni ma a kan yashin nan ka tsayar da ni, kuma ƙafata ta gaji. Likitan nan da na gaishe shi haƙorana yake kallo, ka rufa mini asiri."

Ta yi dariya kaɗan, dariyar ba ta kai ko'ina ba. Ta kama gefe ɗaya na Ka'abar na kama ɗaya, muka fito da ita.

Rana ta ɗaga lokacin da na tara ajin a kan tulin yashi. Tawul da hijabai sun yi fari fat, ban da na Sarkin Tambaya. Mahaifinsa ya ce ba inda za shi sai ya ga ƙarshen abin, ya samu inuwa ya zauna da jakarsa a cinya.

"Rana ta faɗi," na ce musu, alhali tana dukan ƙeyarmu. "Yanzu alhazai za su sauka zuwa Muzdalifa. A hankali, ba gudu, ba ture-ture."

Tsakanin yashin da bishiyar ba wata tafiya ba ce, yaro zai iya jefa ƙwallo ta kai. Amma da na sa ƙafa a ƙasa sai na ji kamar filin ya miƙe ba iyaka. Yaran suna ta Labbaika da muryoyinsu marasa daidaito, fararen kaya suna wuce ni dama da hagu, na kasa bambanta fuskar kowa. Na ji ƙamshin turaren da mahaifina yake shafawa, wanda ban ƙara ji ba tun ina yaro. Na waiwaya.

A bayanmu, can gindin yashin, wata yarinya ta sunkuya ita kaɗai tana gyara maɗaurin takalminta.

"Ku tsaya!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Ajin ya daskare. Har mai askin ya miƙe tsaye.

"Ba wanda zai ƙara taku sai ta taso."

Yarinyar ta tsorata, maɗaurin ya ƙi shiga. Muka tsaya a rana muna jiranta, ba mai motsi. Da ta gama ta rugo ta shiga cikin ƙawayenta tana cewa, "Yi haƙuri, Malam." Na ce mata ba ta yi laifin komai ba. Na juya musu baya na ɗan lokaci, kamar ina duba hanya.

Daga nan abin ya tafi da kansa. Suka tsinci tsakuwa a ƙarƙashin bishiya. A wurin jifa na sha fama, domin wani ya ɗauko rabin bulo wai Shaiɗan ɗin ya daɗe yana hana shi sallar asuba, sai da na tuna musu cewa ƙananan tsakuwa ake jifa da su, kuma ibada ce ba dambe ba. Aka yanka ragon kwali da rula. Da aka zo aski, mai askin ya buɗe jakarsa da bisimilla, ya zaunar da ɗansa a kan tebur ɗin Marwa, ya yi masa tal kwabo a gaban kowa yana cewa, "Alhamdu lillahi, Alhaji, an sauka lafiya. Saura wanka." Yaron ya shafa kansa, ya karɓi rigarsa daga hannun uban ya sa.

Muka koma Ka'aba aka yi ɗawafin da ya rage, sannan na bankwana. Da suka gama zagaye suka tsaya suna kallona.

"Sai me, Malam?" in ji wata.

"Sai gida," na ce. "Kowa ya koma wurin mutanensa."

Da aka tashi ban bi hanyar gida ba. Baffa kafinta ne, shagonsa yana bayan tashar mota. Na daɗe ina guje masa, ba don ya yi mini komai ba, sai don muryarsa da ta mahaifina ɗaya ce, idan ya yi magana ban ga fuskarsa ba sai gabana ya faɗi. Na same shi yana goge wata ƙofa, garin katako ya yi masa fari a gemu.

"A'a! Yau malamai ne a shagon jahilai? Na ɗauka sai ranar jana'izata zan gan ka."

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba. Ya ajiye abin gugar, ya daɗe yana kallon ƙofar da yake aiki a kai.

"Ummanka ta sani?"

"Ta hana, Baffa. Yau zan gaya mata na zo."

"Ni ma ban ga gawar yayana ba, ɗana. Har gobe in na ga mai irin tafiyarsa a tasha sai na bi shi na leƙa fuskarsa." Ya share gemunsa da bayan hannu. "Amma na san abin da zai ce mini in na bar ɗansa ya tsufa a tsakar gida. Asabar bayan la'asar ta yi maka?"

"Ta yi."

"To tashi, kana ɓata wandonka. Yarinyar dai ta iya haƙuri, tunda ta iya da kai."

Na isa gida ana kiran magariba. Umma tana zaune a kan darduma a falo, da dabino a ƙaramin faranti da kofin ruwa. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na bari ta ci dabinon, ta sha ruwan, ta gama addu'arta. Ban so in ɗora mata wannan magana da azumi a bakinta ba.

"Umma, daga wurin Baffa nake. Zai je ranar Asabar."

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ƙwallon dabinon a tafin hannunta, ta sake juya shi.

"In ya dawo ya tambaye ni wa ya ba da izini, me zan ce masa?"

"Ki ce kin hana, ni na yi. Ni zan tsaya a gabansa."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganin tsayina. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta naɗe dardumar, ta nufi ɗakinta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ya sunanta?"

Tun da aka fara wannan magana ba ta taɓa tambaya ba. Na faɗa mata. Ta maimaita shi sau ɗaya a hankali. Ba ta ce Allah ya sanya alheri ba, ba ta kuma ce kada a je ba. Ta shiga ta turo ƙofar.

Na ciro wayata na rubuta: "Asabar bayan la'asar. Baffa zai zo. Ki gaya wa Abba." Na tura, ban sake karantawa ba.

Kafin amsa ta shigo na ji ƙarar makulli yana juyawa a ƙofar Umma. Sai da ya cije sau biyu kafin ya shiga, saboda tsatsa. Tun ranar da mahaifina ya tafi ba ta taɓa kulle ɗakin nan ba, tana cewa ba zai dawo daga doguwar tafiya ya tarar da ƙofarsa a rufe ba.

Wayar ta yi haske a hannuna, ban duba ba. Ina zaune a ƙasa ina kallon ƙofar, ban sani ba ko ni ta rufe wa, ko shi.